Sabuwar waya ce, amma tana zafi tana shan caji: A ina matsalar take?

Daga watan Maris zuwa farkon Mayu, kafin damina ta kankama a Kaduna, akwai wani koke da masu gyaran waya na kan titin Ahmadu Bello da na kewayen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi suke ji har sun haddace shi: "Malam, sabuwa ce dal, ko wata guda ba ta yi ba. Da asuba na cire ta daga caji tana 100, kafin azahar ta dawo 30. Ga zafi kamar dutsen guga." Da yawa daga cikin masu wannan kuka ɗalibai ne 'yan aji biyar da aji shida na sakandare, waɗanda wayar ita ce ta farko a rayuwarsu. Wani Baba ne ya cika masa alkawari bayan ya ci jarrabawa, wata adashe ta zuba, wani kuma hutu guda ya yi yana tsaron shagon yayansa a Kawo kafin kuɗin su haɗu.

Abin da ya sa maganar ta wuce wasa shi ne matakin da mutum zai ɗauka a makon farko. Wanda ya yi gaggawar miƙa wa mai gyara aka buɗe ta, ya zubar da garantinsa a kan matsalar da wataƙila da kanta za ta wuce. Wanda kuma ya ce "ai haka sababbin wayoyi suke" alhali batirin ne ke da lahani, sai ya farga lokacin mayarwa ya wuce, ko ma abin ya kai ga gobara. Tsakanin biyun akwai hanyar da za ka bi ka gano ciwon wayarka da kanka, ba tare da ka kashe ko sisi ba. Ita nake so mu bi tare, ƙannena.

Me ke cikin batirin?

Duk wayar zamani batirin litiyom ne a cikinta. Wannan litiyom shi ne Li ɗin nan mai lamba 3 a jadawalin sinadarai da malamin kemistiri ke sa ku haddacewa. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara fitar da irin wannan batir kasuwa a 1991, kuma a 2019 aka ba mutum uku da suka yi aikin ƙirƙiro shi, wato John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, lambar yabo ta Nobel a fannin kemistiri. Idan kana caji, ƙwayoyin litiyom na ƙaura daga wannan ɓangare na batirin zuwa wancan. Idan kana amfani da wayar, sai su dawo, dawowar tasu ce ke ba da wuta.

Ka tuna darasin da aka ce zafi na ƙara saurin haɗuwar sinadarai? To, a nan gizo ke saƙar. Banda wannan kai-kawo mai amfani, akwai wasu ƙananan haɗe-haɗe da ke faruwa a cikin batir suna cinye litiyom ɗin a hankali. Zafi na hanzarta su, kuma abin da suka ci ba ya dawowa. Shi ya sa batirin da ya saba gasuwa yake tsufa tun kafin lokacinsa.

Zafin kuwa daga wuri huɗu yake fitowa: ƙwaƙwalwar wayar idan tana aiki tuƙuru, na'urar da ke magana da turken sabis, hasken gilashi, da kuma shi kansa cajin. Kwamfuta tana da fanka a ciki, waya ba ta da ita. Jikinta ne kaɗai hanyar da take fitar da zafi. Don haka ɗumin da kake ji a bayanta ba lallai ne ya zama alamar ciwo ba, sau da yawa numfashi take yi.

Kamfanin Apple ya rubuta cewa an ƙera wayoyinsa ne don a yi amfani da su a inda zafin iska bai wuce digiri 35 a ma'aunin Salshiyas ba, kuma sauran kamfanoni ma ba su yi nisa da wannan adadi ba. Yanzu ka duba Kaduna da bazara. A watan Maris da Afrilu zafin rana kan haura 35 ko a inuwa ne, balle a ɗakin kwano marar silin a Unguwar Dosa ko Badarawa, balle a cikin Keke Napep da ya maƙale a cunkoson Kawo da ƙarfe biyu na rana. Wato kafin ka buɗe ko manhaja ɗaya, wayar ta riga ta kai bakin iyakarta. Wayar da za ta yi lafiya lau a hannun wani a Ingila, ko a hannunka kai kanka da sanyin watan Disamba, ita ce za ta riƙa rage haske da kanta tana jan ƙafa a watan Afrilu. Wannan rage gudu ba lalacewa ba ce. Dabara ce da aka saka mata don ta kare kanta.

Kada ka yanke hukunci a kwana ukun farko

Ka tuna abin da ka sa wayar nan ta yi a ranar da ka fito da ita daga kwali. Ka shigar da adireshinka na Google, ta fara jawo lambobi da hotuna. Ka dawo da WhatsApp da duk tarihin hirarrakinsa. Abokinka ya turo maka finafinai da waƙoƙi da karatuttuka ta Xender har giga goma. Manhajoji ashirin ko talatin suna sabunta kansu a ɓoye. Ita kuma wayar tana bin hotunan nan ɗaya bayan ɗaya tana jera su, tana kuma koyon waɗanne manhajoji ka fi buɗewa don ta san waɗanda za ta sa barci. Duk wannan aiki ne da ba ka gani, kuma yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku, wani lokaci har mako.

Ga kuma ɗokin sabon abu, wanda ba a cika son a faɗa ba. Mai sabuwar waya ba ya ajiye ta. A gwada kyamara, a gwada sauti, a nuna wa 'yan aji, ƙanne su karɓa su yi gem. In gilashin ya yi awa bakwai a kunne kafin la'asar, to batirin bai yi maka laifi ba.

Ba masu ƙananan wayoyi kaɗai abin ke samu ba. A watan Satumban 2023, da iPhone 15 Pro ta fito, masu saye a ƙasashe da dama suka yi ta kukan zafi. Apple ya fito ya yi bayani cewa wani ɓangare na zafin daga aikin ɓoye ne na kwanakin farko, sannan ya amsa cewa akwai kuskure a manhajar iOS 17, kuma wasu manhajoji irin su Instagram da Uber suna ɗora wa wayar nauyin da ya wuce ƙima. Ranar 4 ga Oktoba ya saki gyara mai lamba 17.0.3. Ba a canza wa kowa batir ba, ba a kwance ko noti ɗaya ba. Darasin da ke nan shi ne, idan sabuwar wayarka ta ce akwai sabuntawa, kada ka yi ta dannewa don tsoron data. Ka nemi inda ake da waifai, ko ka sayi datar dare, ka yi ta.

Ɓarawon da ba a zargi

Idan aka tambayi ɗalibai goma abin da ke shan caji, tara za su ce TikTok. Ba su yi ƙarya ba, amma akwai wanda ya fi shi iya sata a ɓoye, wato raunin sabis. Waya kamar mai kiran wani ce a kasuwa. In yana kusa, magana a hankali ta isa. In ya yi nisa, sai an ɗaga murya. Duk lokacin da sandunan sabis suka koma ɗaya ko biyu, wayar na ƙara ƙarfin da take aika saƙo da shi zuwa turke, kuma in ta rasa shi gaba ɗaya sai ta shiga nema ba hutawa. Wanda ya taɓa hawa jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja ya san wannan: wayar na aljihu ba a taɓa ta ba, amma a sauka a Idu a tarar ta yi ɗumi cajin ya zube, saboda dajin da aka ratsa tana ta laluben sabis.

Haka abin yake a cikin gari. Akwai ɗakunan da ke can ƙuryar gida, ko ajin da ke ƙasan bene, inda sabis ba ya shiga sosai. Ga shi yawancinmu layi biyu muke sakawa. In ɗaya daga cikin layukan ba shi da ƙarfi a unguwarku, to kana ciyar da shi caji a banza. Kashe shi daga saiti, ka kunna shi lokacin da kake buƙata.

Sai maganar 5G. MTN ya fara shi a Najeriya a 2022 a birane bakwai, ciki har da Kano da Abuja da Maiduguri, Airtel ya biyo baya a 2023. Har yanzu ba ko'ina ya kai ba. In wayarka mai 5G ce amma a inda kake yini yana zuwa yana ɗaukewa, wayar za ta yi ta tsalle tsakaninsa da 4G, kuma tsallen nan caji yake ci. Ka tsayar da ita a kan 4G. Don karatu da WhatsApp da kallon darasi a YouTube, ba za ka ga wani bambanci ba. Mai kunna wa abokai hotsifot kuma ya sani cewa ya mai da wayarsa ƙaramin turke ne, dole ta yi zafi.

Gwajin dare biyu

Wannan shi ne abin da na fi so kowa ya riƙe daga wannan rubutu, domin shi ke raba gardama. Ka bari sai wayar ta yi aƙalla kwana huɗu ko biyar a hannunka, an kuma yi mata sabuntawa.

Daren farko, kafin ka kwanta, cire ta daga caji, ka rubuta adadin cajin da lokaci a bayan littafi. Bar data da layukanka yadda suke kullum. Ajiye ta a kan tebur ko a ƙasa, kada ka sake taɓa ta sai asuba. Waya mai lafiya abin da za ta rasa a awa bakwai ko takwas kaɗan ne, kamar maki uku zuwa takwas, kuma za ka tarar da ita da sanyinta. In haka ka gani, batirinka ƙalau yake, matsalar tana ga yadda ake amfani da wayar da rana.

In kuwa ka tarar ta zubar da maki 20 ko 30, sai a yi dare na biyu. Wannan karon ka sa ta a yanayin jirgin sama, wato alamar jirgin nan da ke yanke layi da data gaba ɗaya, ka tabbatar waifai da bulutut ma a kashe suke. In zubar ta tsaya, to mai laifin ko dai raunin sabis ne ko wata manhaja da ke hira da intanet kana barci. In kuma duk da haka cajin ya zube, ko ka tarar da ita da ɗumi alhali ba abin da take yi, saura mataki ɗaya. Yawancin wayoyin Android suna da wani yanayi da ake kira sef mod, wanda ke tsayar da duk manhajojin da kai ka saka, ya bar na asali kawai. A wayoyi da yawa, in ka danne maɓallin kashewa, sannan ka danne alamar kashewar da ta fito a gilashi na ɗan lokaci, zai tambaye ka ko kana so. Ka bar ta a haka wasu awanni. In ta warke, wata manhaja ce da ka saka. In ba ta warke ba, ka daina wahalar da kanka, wayar ce ke da lahani, kuma shago za ta koma.

Kowace safiya ka shiga saiti, wajen batir, ka ɗauki hoton gilashin. A nan za ka ga jerin manhajoji da kason da kowace ta sha. Wanda za ka sa wa ido shi ne wanda ba ka buɗe ba amma yana sama a jerin. Hotunan nan kuma su ne shaidarka in ta kai ga komawa shago.

Manhajojin da ke zuwa da rigar taimako

Akwai wata al'ada a wurin wasu masu sayar da waya da masu tura finafinai: kana saye sai a ce "kawo a zuba maka kaya". Ka koma gida da manhajoji arba'in da ba ka san rabinsu ba. A cikinsu ba a rasa masu sunan share waya, ko ƙara mata gudu, ko sanyaya batir, har da hoton fanka tana juyawa ko ƙanƙara tana zuba. Ka yi tunani mana, ta yaya hoton fanka zai sanyaya ƙarfe? Abin da suke yi shi ne su kashe manhajojin da ke barci, su kuma waɗannan su sake tashi, tashin nan ya fi barcin cin caji. Sannan su cika ka da talla. Goge su duka.

Haka jabun WhatsApp irin su GB da 'yan uwansa, waɗanda ake so don ganin saƙon da aka goge ko ɓoye cewa ana kan layi. Ba a samun su a Play Store, ba wanda ya tantance abin da ke cikinsu, kuma kamfanin WhatsApp yana rufe lambar da ya kama tana amfani da su. Ka yi tunanin a rufe maka lamba a makon da ake turo jadawalin WAEC a zauren aji. A Disamban 2017 kamfanin tsaron kwamfuta na Kaspersky ya ba da labarin wata muguwar manhaja mai suna Loapi, wadda ke ɓuya a cikin jabun manhajoji tana sa waya haƙar kuɗin intanet ba tare da sanin mai ita ba. Wayar da suka yi gwaji da ita, cikin kwana biyu batirinta ya kumbura har ya lanƙwasa murfin baya.

Da aka ambaci haƙa, ba wanda ya manta da guguwar mainin ta 2024, lokacin da Notcoin da TapSwap da Hamster Kombat suka sa manya da yara dangwalar gilashi dare da rana, a majalisa, a bakin shago, har a ɗakin karatu. Da Hamster ya fashe a ƙarshen Satumban shekarar, abin da akasarin mutane suka samu bai taka kara ya karya ba. Ban san wanda ya lissafa batiran da aka gasa a watannin nan ba, amma waya a kunne awa goma, tana jone da caji, ana dangwala, ba abin da ya fi wannan saurin tsufar da batir.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne, kuma kowa ya san su. Rage haske, domin gilashi ne kan gaba wajen shan caji. In wayarka na da zaɓin saurin motsin gilashi na 90 ko 120, mai da shi 60 a ranar da ba wuta. Baƙin bango yana taimakawa ne a gilashin AMOLED kawai, a sauran ado ne. Masu Free Fire da Call of Duty kuma, ku rage ƙyallin hoton, ku cire wa wayar riga kafin ku fara.

Caja, wutar gari da mai caji

A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi sama da mako guda cikin duhu. Tun kafin nan an lalata layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa tashar Mando a nan Kaduna, sai kuma layin Ugwuaji zuwa Apir, wanda aka dogara da shi a madadinsa, ya samu matsala. A kwanakin nan masu cajin waya su ne suka riƙe gari. Don haka ba zan ce kada ka kai musu ba, wannan shawarar wanda bai san Kaduna ba ce. Amma ka dubi yadda wurin yake: kes ɗin katako ko na kwano, janareta na ruri a gefe, wayoyi hamsin a jere wasu kan wasu, kowace na fitar da zafinta. In za ka kai, tafi da cajarka ta asali, cire wa wayar riga, kashe ta gaba ɗaya, ka kuma roƙi mai shagon kada ya ɗora wata a kanta. Kashewar tana rage zafi, tana sa ta cika da wuri.

Caja ta gaskiya, in ka karanta ƙananan rubutun jikinta, za ka ga an sa 100 zuwa 240V. Wato tana iya jure wutar da ta yi ƙasa ko ta ɗan hau, ta tace ta kafin ta miƙa wa waya. Jabun caja an cire mata yawancin kayan tacewar don a sayar da ita da araha, shi ya sa za ka ji ta sakayau a hannu. Alamominta sanannu ne: kanta na zafi har ba ya taɓuwa, tana ƙara siririya, ko kuma gilashin wayar ya riƙa danna kansa in tana jone. Araha ba ta ado. Wayar da aka tara kuɗinta wata shida ba a haɗa ta da cajar bakin titi. Kuma in aka ɗauke wuta, zare cajar daga soket, domin lokacin dawowa ne wutar kan zo da ƙarfin da ke ƙona kaya.

Cajin gaggawa na wat 33 ko 45 da sababbin Tecno da Infinix da Redmi ke zuwa da shi yana sa waya ɗumi, musamman daga ƙasa zuwa rabi, sannan ya lafa. Wannan daidai ne. Abin da ba daidai ba shi ne a haɗa zafi biyu, wato ana caji ana gem ko ana kallon bidiyo.

Za ka ji masana na cewa a riƙe caji tsakanin 20 da 80, kuma gaskiya ne batirin litiyom ya fi daɗewa a haka. Wasu wayoyin ma suna da saitin da ke tsayar da caji a 80 ko 85. Amma wanda ba ya da tabbacin yaushe wuta za ta dawo ba zai cire waya a 80 ba, kuma ban ga laifinsa ba. A ganina, a yanayinmu, kiyaye zafi ya fi kiyaye lamba. Cika ta, amma a wuri mai iska. Maganar cewa sabuwar waya sai ta yi awa takwas a caji kafin a kunna ta, ko sai an bar ta ta mutu murus kafin a jona, gadon tsofaffin batiran nikel ne na zamanin iyayenmu. Na litiyom ba ya bukata, yawan barin sa ya kai sifiri ma cutar da shi yake yi.

Fawa bank kuma, ga ɗan lissafi. Mai 10,000mAh ba zai cika wayar 5,000mAh sau biyu ba, domin wani kaso na wutar na ɓacewa a matsayin zafi wajen juya ta daga wannan batir zuwa wancan. Sau ɗaya da rabi, ko ƙasa da haka kaɗan, shi ne gaskiyarsa. Wanda aka rubuta wa 50,000 amma bai fi sabulun wanka nauyi ba, rubutun ne kawai.

In wayar ta yi zafi sosai, kada ka sa ta a firji, kada ka jingina ta da randa ko jiƙaƙƙen tsumma. Sanyin gaggawa na sa raɓa ta taru a cikinta, kamar yadda take taruwa a jikin ledar ruwa mai sanyi, kuma ruwa a cikin waya garanti ba ya ɗaukarsa. Cire caji, cire riga, kashe ta, ajiye ta a inuwa a kan siminti ko tayil. Minti goma sha biyar ya isa.

Inda wasa ya ƙare

A watan Agustan 2016 Samsung ya fitar da Galaxy Note 7. Cikin makonni aka fara samun waɗanda suka kama da wuta. A Satumba kamfanin ya nemi a dawo da kusan miliyan biyu da rabi, ya ba da wasu a madadinsu, su ma suka riƙa ƙonewa. A Oktoba ya daina ƙera ta gaba ɗaya, kamfanonin jiragen sama kuma suka hana shiga da ita. Binciken da ya bayyana a Janairun 2017 ya nuna lahani ne a ƙirar batiran, wanda ke sa ɓangarori biyun da bai kamata su haɗu ba su taɓa juna. Irin wannan ba ya yawan faruwa, amma ya nuna cewa sabuwar waya daga babban kamfani ma tana iya zuwa da mugun batir.

Alamomin da in ka gan su za ka daina duk wani gwaji su ne: bayan wayar ya kumbura ko gilashi ya fara ɗagowa daga gefe, tana wari mai kama da na man goge farce, tana zafin da ba za ka iya riƙe ta ba alhali ba ka yin komai da ita, ko cajin na faɗowa daga 40 zuwa 5 a lokaci guda ta mutu. Kashe ta. Kada ka sake jona ta, kada ka danne kumburin, kada ka huda shi da allura wai iska ta fita. Ajiye ta a kan siminti ko yashi nesa da katifa da labule, ka gaya wa babba. Kumburarren batir kuma ba a jefa shi a bola, inda ake cinna wa shara wuta yara na wasa a gefe.

Ina da magana ta musamman da 'yan makarantar kwana. Na san dokar yawancin makarantu ta hana waya, na kuma san yadda ake yi: a jona ta a wata wayar wuta da aka jawo ta bayan gado, a tura ta ƙarƙashin katifa ko cikin akwati don kada sifeto ya gani. Katifar soso ba ta barin zafi ya fita, kuma in ta kama wuta ba ta jira. Ɗaki ne mai mutum talatin ko arba'in suna barci, tagogi da ƙarafa. Kwace waya da bulala sun fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba. 'Yan gida masu kwana da waya a ƙarƙashin filo tana caji, ku ma da ku nake.

In za a koma shago

Kafin komai, danna *#06#. Lambar IMEI mai lamba 15 za ta fito. Gwada ta da wadda ke jikin kwalin da wadda aka rubuta a rasit. In ba su zo ɗaya ba, to ba wayar kwalin aka ba ka ba, kuma wataƙila tsohuwa ce aka yi wa kwalliya. Masu iPhone 'yar Landan su shiga saiti su duba lafiyar batir. In ta yi ƙasa da kashi 80, batirin ya ci zamaninsa. Sababbin iOS ma suna nuna ko an taɓa canza batirin da wanda ba na kamfani ba. Irin waɗannan wayoyi ba su da garantin kamfani, sai 'yan kwanakin gwaji da mai shago ya yi maka alkawari, don haka gwajin dare biyun nan a daren da ka saya za ka fara shi, ba sai ka jira ba, tunda kwanakin ƙirgaggu ne.

Sabuwa kuwa yawanci tana da garantin shekara guda, amma ka karanta katin, domin wasu kamfanonin suna ba batir da caja wa'adin da bai kai na wayar ba. Tecno da Infinix da itel duk na kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin, kuma cibiyar gyaransu ita ce Carlcare. Samsung da sauran ma suna da wakilan gyara da suka amince da su. Can za a kai, ba teburin bakin hanya ba, ko da mai teburin gwani ne, domin da zarar wani ya buɗe ta kamfani ya zare hannunsa.

Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka tarar da lahani a cikinsu cikin wata uku, a gyara, ko a canza, ko a dawo masa da kuɗinsa. Rubutun nan da ake bugawa a ƙasan rasit cewa kayan da aka saya ba a dawo da su bai shafe wannan haƙƙi ba. Amma ba da faɗa ake farawa ba. Tafi da Baba ko Yaya ko Anti, wanda dai ya biya kuɗin. A gaisa, a nuna rasit da kwali, sannan ka buɗe hotunan da ka ɗauka: ga cajin ƙarfe goma na dare, ga na biyar na asuba, a yanayin jirgi, ga kuma na sef mod. Mai shago zai iya musa "tana shan caji", amma da wuya ya musa wannan.

In sun ce a bar ta, kwashe hotunanka da lambobinka tukuna, cire layukanka da memori, fita daga manhajar banki in kana da ita. Layin da ka yi rajistar JAMB da shi musamman, kada ya kwana a shagon kowa, domin ta kansa saƙonnin hukumar ke zuwa. Sannan ka karɓi takardar shaidar ajiya mai ɗauke da lambar IMEI, da bayanin halin da ka miƙa wayar, da ranar da aka ce ka dawo.